Ni bakanike ne mai kiwon tattabaru, me zan rubuta da wani zai karanta?

Tambaya: Malam, ni bakaniken babur ne, shekarata 12 a sana'ar. In na tashi daga aiki ina kiwon tattabaru. Na daɗe ina sha'awar in riƙa rubuta abin da nake gani a gareji da unguwa da ɗakin tattabaruna, in bai wa mutane su karanta. Sau uku ina farawa ina bari, don in na waiwayi abin da na rubuta sai in ga ba komai a ciki, yau kamar jiya, jiya kamar shekaranjiya. Ga na ƙarshe da na rubuta: "Yau na sha aiki sosai, na gaji, amma mun gode Allah. Da yamma na duba tattabaruna, suna nan lafiya." Anya rayuwa irin tawa tana rubutuwa kuwa?

Amsa: Tana rubutuwa, ɗan'uwa. Na daɗe ina gyara rubutun mutane ina kuma koyar da masu son farawa, kuma ciwon da ke cikin layi biyun da ka turo shi ne wanda na fi cin karo da shi. Sake karanta su. Direba zai iya sa hannu a ƙasansu, nas ma haka, malamin makaranta ma haka. In aka cire kalmar "tattabaruna" babu abin da ya rage wanda yake naka kai kaɗai. Ka faɗa mana ka gaji, ka ɓoye mana abin da ya gajiyar da kai.

Da a ce ina zaune a kan bencin garejinka da yammar nan, da tambayoyi zan dame ka da su. Babur nawa aka kawo? Wanne ya fi ba ka wahala? Me ka fara zato, me ya tabbata a ƙarshe? Mai babur ɗin me ya ce? Bari in ƙaga maka misali, ka yi haƙuri in na yi shisshigi a sana'arka:

"Talata. Babur shida. Na huɗun ya cinye mini awa biyu. Yana tashi lafiya lau, in an yi tafiyar minti goma sai ya fara shiƙa ya mutu. Na canja fulogi, bai daina ba. Na duba tiyon mai, ba toshiya. Ina tsaye ina susar kai, sai na buɗe murfin tanki don in ga ko man ya yi ƙasa, na ji ya zuƙi iska, fuu. Ashe 'yar ƙofar iskar da ke jikin murfin ce ta toshe, mai ya ƙi sauka. Da allura na gyara. Mai babur ya kalli allurar, ya kalle ni, ya ce bakanike biyu sun riga sun sayar masa da kayan gyara a kan wannan."

Ka lura ban rubuta "na gaji" ba, amma duk wanda ya karanta ya san an sha wahala. Ban kuma rufe da wa'azin cewa ƙaramin abu yakan jawo babba ba. Mai karatu ba yaro ba ne, ya riga ya gano hakan tun da ya ga allurar. Ga ribar ƙafa kuma: wani bakanike da bai taɓa haɗuwa da wannan matsala ba ya ƙaru, mai babur da ke can wata ƙasa ya san abin da zai fara dubawa.

Abin da ya sa kake ganin kwanakinka fanko ne, sabo ne. Abin da hannunka ya shekara 12 yana yi ya daina bi ta kanka, shi ya sa ba ka ganinsa a matsayin labari. To amma daidai nan ne ka fi kowa. Kai kana jin ƙarar inji ka san ciwonsa tun kafin a kashe shi, ni kuwa duk ƙara ɗaya ce a kunnena. Haka tattabarun. Kai ka san ƙwai biyu take yi, tsakanin na farko da na biyu kusan kwana biyu, kwanci ya ɗauki wajen kwana 18. Ka san namiji da mace karɓa-karɓa suke yi, shi ya zauna daga hantsi zuwa la'asar, ita ta kwana a kai. Ka san 'yan shila ba hatsi suke fara ci ba, wani abu ne mai kauri kamar madara da iyayen biyu suke fitarwa daga maƙogwaro su ɗura musu. Tsayar da mutum goma a hanya ka tambaye su, da wuya ka sami biyu da suka san namijin tattabara yana ba da wannan madarar. Duk wannan kana da shi, ka dunƙule shi ka ce "suna nan lafiya".

Kada ka ɗauka lallashinka nake yi. A shekarar 2013 masu tonon tarihi ƙarƙashin wani Bafaranshe, Pierre Tallet, suka gano rubutattun takardun papiras, wato takardar mutanen da da ake yi da wata ciyawar bakin ruwa, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya a Masar. Sun kai shekara 4,500, kuma har yau ba a san rubutattun papiras da suka girme su ba. Me ke ciki? Littafin aikin wani shugaban ma'aikata ne mai suna Merer. Yau mun loda duwatsu a Tura, mun kwana a wuri kaza, washegari mun bi ruwa zuwa Giza, mun sauke, mun juyo. Haka kwana bayan kwana, har ya fi naka maimaici. Amma daga gare shi aka ji, daga bakin wanda ya yi aikin da hannunsa, yadda aka yi jigilar farin dutsen babban dalar Fir'auna Khufu ta jiragen ruwa. Sarakuna sun bar kirarinsu a jikin bango. Wanda ya gaya mana kwana nawa ake yi a zuwa da dawowa, ma'aikaci ne da ke cika takardar aiki.

Wadda ta fi burge ni ita ce Martha Ballard, wata ungozoma a jihar Maine ta Amurka. Daga 1785 zuwa 1812, shekara 27, kusan kullum sai ta rubuta 'yan layuka. Takan fara da yanayin gari, sannan inda ta je, wa ta haihu, me aka biya ta, me ta shuka, wa ya kwana a gidan. Haihuwa 816 ta karɓa, ta kuma rubuta su. Marubuta tarihin yankin na farko da suka leƙa littafin sun ɗauke shi tarkacen aikin gida, suka tsinci kaɗan suka ture sauran. Sai da wata masaniyar tarihi, Laurel Thatcher Ulrich, ta zauna ta bi shi layi-layi, ta jera ranakun, ta ƙirga, sannan aka ga yadda mata suke tafiyar da nasu cinikin, da yadda ake jinya, da yawan masu jego da ke rasuwa a wancan zamani. Littafin da ta fitar daga ciki ya ci Pulitzer, babbar kyautar rubutu ta Amurka, a 1991. Abin lura, kowane layi na Martha shi kaɗai ba shi da wani armashi. Tarinsu ne ya yi nauyi, kuma ya yi nauyi ne saboda kowanne yana ɗauke da kwanan wata da adadi da abin da aka yi.

Ga kuma wanda na san zai yi maka daɗi. Samuel Pepys, ma'aikacin ofishin sojan ruwa a Landan, ya rubuta kwanakinsa daga 1660 zuwa 1669, ya daina don tsoron kada idonsa ya mutu. Ranar 2 ga Satumba 1666 babbar gobara ta kama birnin, ya shiga kwalekwale ya je kallo. A cikin duk abin da ya gani, ya tsaya ya rubuta tattabaru: sun ƙi barin gidajensu, suna ta shawagi a bakin tagogi har fukafukan wasunsu suka ƙone suka faɗo. Lissafin gidajen da suka ƙone yana nan a takardun hukuma, sama da 13,000. Amma masu karatu tattabarun nan suke riƙewa, kuma kai ka fi ni sanin dalilin da ya sa tattabara ba ta barin gida.

Yanzu ga yadda nake ba da shawarar a yi. Ka raba aikin biyu, don haɗa su ne ya kayar da kai har sau uku. Akwai tarawa, akwai fitarwa.

Tarawa ta kullum ce, kuma ba don kowa ba. Ɗan littafi na aljihu wanda ba ka jin ciwon baƙin mai ya taɓa shi, ko wayarka, ko ka naɗi murya in hannu ya ɓaci. Minti biyar ya isa. Kwanan wata a sama, sannan abu uku ko huɗu da suka faru, da adadinsu, da maganar da wani ya faɗa yadda ya faɗe ta. Kada ka gyara, kada ka nemi daɗin lafazi. Sharaɗi ɗaya ne: a ranar. Kada ka ce sai ƙarshen mako ka zauna ka tuno. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Holan, Willem Wagenaar, ya gwada wannan a kansa. Shekara shida yana rubuta abubuwan da suka same shi, har guda 2,400, kowanne da wa, da me, da ina, da yaushe. Daga baya ya riƙa gwada tunowa da taimakon ɗaya daga cikin huɗun. A sakamakon da ya buga a 1986, "me ya faru" shi ya fi jawo sauran, "yaushe" kuwa kusan ba ya jawo komai. Wato ƙwaƙwalwa ba ta jera abubuwa bisa kwanan wata. Za ka tuna shaho ya taɓa ɗauke maka tattabara, amma ko kafin ka canja wurin ɗakin ne ko bayan nan, wannan sai takarda.

Fitarwa kuwa sau ɗaya a mako ta wadatar, ko ma sau biyu a wata. Ka buɗe littafin ka karanta na kwana bakwai, ka zaɓi abu ɗaya tak. Mafi yawan abin da ka tara ba zai fita ba, kuma ba asara ba ce. Yadda za ka gane wanda ya cancanta: wanda ka riga ka ba wani labarinsa da baki ba tare da an tambaye ka ba. In ka dawo gida ka ce wa mai ɗakinka "kin san abin da ya faru yau kuwa?", to wannan ne. Ka rubuta shi kamar yadda ka faɗa mata, ka fara daga inda abin ya fara, ka tsaya inda ya ƙare. Gabatarwar "a rayuwa ta yau da kullum ɗan'adam yakan gamu da abubuwa iri-iri" ita ce abu na farko da nake yankewa a duk rubutun da aka kawo mini, kuma ban taɓa yanke ta marubucin ya yi kewarta ba.

A ɓangaren tattabaru, ka ba su suna ko alama, ka bi ma'aurata guda daga ƙwai har 'ya'yan su tashi. Wannan shi zai sa mai karatu ya dawo, don yana son ya ji ko ƙwan na biyu ya ƙyanƙyashe. Kuma kada ka ɓoye asara. Ranar da ciwo ya shiga ɗakin ya kashe maka guda takwas, abin da ka gani a jikinsu, abin da ka gwada bai yi ba, wannan ya fi labarin nasara goma amfani ga mai kiwo irinka. Kada ka raina ilmin masu kiwo. Charles Darwin, mashahurin masanin halittu na Ingila, da kansa ya fara kiwon tattabaru a 1855, ya shiga ƙungiyoyin masu kiwonsu a Landan yana sauraron masaƙa da 'yan kasuwa, kuma babin farko na shahararren littafinsa na 1859 cike yake da tattabaru.

Unguwa kuwa ta fi ƙarfin a rubuta ta gaba ɗaya. Zaɓi wuri ɗaya da kake wucewa kullum, wata kwana ko wata bishiya ko layin shaguna, ka riƙa rubuta abin da ya canja. Yaushe aka sare bishiyar, shagon da ya rufe me ya koma, ruwan farko na bana wace rana ya sauka. A birnin Kyoto na Japan, fadawa da masu ibada sun riƙa rubuta ranar da suka fita kallon furen wata bishiya da ake kira ceri tun ƙarni na 9. Ba bincike suke yi ba, ranar shaƙatawa suke rubutawa. Yau masana sun jera ranakun, shi ya sa da furen ya cika ranar 26 ga Maris 2021 aka iya cewa a lokacin bai taɓa yin wuri haka ba cikin shekara sama da 1,200.

Saura abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro a kanka: mutanen da za su shigo cikin rubutun. Tattabara ba za ta kai ƙararka ba. Kwastoma, da yaron shago, da maƙwabci, da maigidan da ya koya maka aiki, su suna da fuska da iyali, kuma ba su ce ka rubuta su ba.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na rubuta wani ɗan labari na ban dariya a kan wani abokin aikina, yadda yake barci a zaune bayan azahar da biro a hannu, in aka taɓa shi ya farka ya ci gaba da rubutu kamar bai tsaya ba. Ban faɗi sunansa ba, ban faɗi wurin aikin ba, na ɗauka na rufe ko'ina. Amma na ambaci koren biron da shi kaɗai yake amfani da shi. Kafin kwana biyu kowa a wurin ya gane shi, ana ta tsokanarsa. Da safe ya zo ya ajiye mini biron a kan tebur, ya ce, "Ga shi, ka ƙara da wannan a na gaba." Bai ƙara ko kalma ba. Daga baya na ji ashe maganin da yake sha ne ke sa shi barcin, kuma ba ya son a sani. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba har muka rabu. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi, don ita ana iya ɗaukar hotonta a ajiye ko ka goge.

Saboda haka cire suna bai isa ba. Tambayar da za ka yi ita ce, wanda ya san mutumin zai gane shi? In zai gane, to ko dai ka nemi izininsa, ko ka cire alamar da ke nuna shi, ko ka bar labarin a littafin aljihu. Labarin babur da ciwonsa naka ne, rubuta shi yadda kake so. Labarin cewa mai babur ya kasa biya, ko ka ga wata takarda a ƙarƙashin kujerarsa, ko da wa ya zo, wannan amana ce. Ranar da masu kawo maka gyara suka fahimci cewa abin da aka faɗa a garejinka yana fita, ranar ka fara rasa su, kuma ba za su gaya maka dalili ba. Haka batun sauran bakanikai. A misalin da na ƙaga maka an ce "bakanike biyu", kuma a nan ya kamata a tsaya. Da zarar ka ce na bakin kwana, ka tashi daga ba da labari ka koma ɓata suna, wanda dokokin ƙasashe da yawa suna hukunci a kai. Masu aikin albashi su ma sai su kula ninki biyu. A 2002 an kori wata ma'aikaciya a Amurka, Heather Armstrong, saboda rubutun shaguɓe da take yi a intanet a kan abokan aikinta, har lamarin ya zama abin buga misali a can.

Ƙa'idata ga kaina tun daga koren biron nan ita ce, duk rubutun da wani ya fito a cikinsa da muni, sai ya kwana bakwai kafin ya fita. In na rubuta shi cikin fushi, yawanci kafin kwana bakwan na ga ba ya buƙatar fita. Wanda za ka yi wa dariya ba tare da neman izini ba mutum ɗaya ne, kai kanka, kuma masu karatu sun fi yarda da marubucin da ya faɗi ranar da ya ɗaura taya a juye.

Hoto ma haka. Ka duba bayan abin da ka ɗauka kafin ka saki: lambar babur, fuskar yara, ƙofar gidan maƙwabci. Sannan wayoyin zamani sukan liƙa wa hoto bayanin daidai inda aka ɗauke shi in ba a kashe wannan saitin ba. Manyan dandali irin su Facebook sukan cire shi daga abin da jama'a ke gani, amma in ka tura hoton a matsayin fayil yana iya tafiya da shi. Mai tattabaru masu daraja a bayan gida ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Kada kuma ka rubuta cewa gobe za ka yi tafiyar kwana biyar. Ka bari ka dawo tukuna.

Batun masu karatu, kada ka sa ran yawa da wuri. Wata shida na farko ƙila mutum 20 ne, rabinsu 'yan'uwa. In ka fara ƙirga su kullum za ka tsinci kanka kana rubuta abin da ke jawo hayaniya, ka bar gareji da tattabaru ka koma sharhin abin da kowa ke sharhi a kai, inda ba ka fi kowa ba. Alamar da nake dubawa ita ce ranar da wani da ba ka sani ba ya ce "nawa ma haka ya yi, ashe murfin ne". Akwai kuma mai karatu ɗaya da ba ka lissafa da shi ba. A wani bincike da Ting Zhang da abokan aikinta na jami'ar Harvard suka buga a 2014, an sa mutane su rubuta ƙananan abubuwan ranarsu, kamar hirar da suka yi da waƙar da suke saurare, su kuma yi hasashen yadda za su ji in sun sake karantawa. Bayan wata uku aka buɗe musu. Sun ji daɗinsa fiye da yadda suka zata, kuma kuskuren hasashen ya fi girma a kan ranakun da ba a yi komai ba.

Kada ka koma kan littattafan nan uku da ka bari, kada kuma ka yaga su. Sayi sabo ƙarami. Gobe da safe kafin ka fita ka leƙa ɗakin tattabaru ka ga wa ke kan ƙwai, ka rubuta ƙarfe nawa ne. In ka dawo cin abincin rana ka sake leƙawa, da magariba ma haka. Ka yi kwana bakwai a jere, ka haɗa da babur ɗaya da ya fi wahalar da kai a makon, sannan ka turo mini in gani. Ni ma ina son in san ƙarfe nawa namijin naka yake karɓar kwanci.